Na'ura Ta Uku A Ɗakin Malam

Sallama gare ku, masu bibiyar wannan labari nawa. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ba zan ci gaba ba in faɗa mata ta daina ƙona datarta a banza. Ki yi haƙuri 'yar uwa, ba jan aji nake ba. Sati biyu ina ɗaukar waya ina ajiyewa, saboda abin da zan ba ku yau laifina ne, kuma ba mai son tallan laifinsa.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Radiya, shekarata ashirin da bakwai, a Ƙofar Gayan aka haife ni cikin birnin Zariya. Ni ce 'yar fari a wurin Malam, Allah Ya jiƙansa, daga ni sai ƙanwata Batul. Ina aikin haɗa na'urori a wata ƙaramar cibiya a Tukur-Tukur, wadda ke adana tsofaffin littattafan malaman birni da karatunsu na murya. A can na haɗu da Rilwanu, shi ne babba a ɓangarenmu, kuma shi ne wanda zuciyata ta kwanta da shi.

Akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe. Tun da na zo duniya Malam bai taɓa kiran sunana ba. Kun dai san kunyar ɗan fari a gidajenmu. "Ke" ce, ko "yarinyar nan", in kuma ranar yana cikin nishaɗi ya ce "injiniya". Inna kuwa ta fi shi, ko a asibiti aka tambaye ta sunana sai ta juya ta kalli Batul. Haka na taso na gani, ban taɓa riƙe su a rai ba. Amma ƙarya nake in na ce ban taɓa kwaɗayin ji ba.

Shekara shida da suka wuce cibiyarmu ta ba Malam aron wata babbar na'ura, irin wadda muke kira saba. Ni na kafa ta a ɗakin karatunsa da ke jikin zaure, na haɗa masa makirufo. Aikinsa kawai ya danna maɓalli in zai fara karatun la'asar, ya sake dannawa in ya gama. Na farkon bai taɓa mantawa ba, na biyun bai taɓa tunawa ba. Sau nawa ina tarar da awa guda ta kukan awakin maƙwabta a ƙarshen karatu.

Kwana huɗu kafin rasuwarsa Rilwanu ya zo gaishe shi bayan ɗalibai sun watse. Ina wurin aiki saƙonsa ya shigo, har yau ban goge ba:

"Ya ce ya ba ni. Kuma ya faɗi sunanki da bakinsa, wallahi. Jar fitilar makirufo tana kunne, ina jin duk ya shiga."

Na karanta ya fi sau goma. Na ce a raina ba zan saurara a gurguje ba, sai ranar Asabar, in yi wanka in zauna ni kaɗai in ji. Asabar ɗin ce aka kai shi makwancinsa. Zazzaɓi ne na kwana uku, ko asibiti bai yarda an kai shi ba sai a rana ta ƙarshe.

Daga nan maganar aurena ta koma hannun ƙaninsa, Baffa Bahago, mai sana'ar hatsi. Kar ku zage shi don Allah, na ga wasu sun fara a kashin da ya wuce. Baffa ba mugu ba ne, mutum ne da in ya kafe ko jaki ya sallama masa. Matsalarsa da Rilwanu ɗaya ce, mahaifiyarsa 'yar Wusasa ce, kawunnansa coci suke zuwa. Shi kuma yana da Sagiru a ransa, ɗan abokin cinikinsa, mai shaguna biyu da ladabi kamar ya kwanta a taka.

"Ba zan yi miki dole ba," ya ce da ni ranar sadakar bakwai, yana jan carbi da hannun hagunsa. "Amma wancan yaron, ba da bakina ba."

"Baffa, Malam ya riga ya ba shi."

"Wa ya shaida?"

"Yana cikin na'ura."

Ya kalli ƙofar ɗakin karatun. "Ni ba na tsallake maganar mamaci. In Yaya ya faɗa, in ji da kunnena. Juma'ar da ke bayan arba'in zan zo."

Sau uku Rilwanu yana ce min in tura fayil ɗin nan cikin wayata. Sau uku ina cewa to. Wallahi ko ƙofar ɗakin na tura, na ga buzunsa da tabaransa a kan littafin da ya bari a buɗe, sai in ja ƙofar in juya. Na riƙa cewa gobe.

To a daidai wannan lokacin aikin ofis ya taso. Bari in yi muku bayani yadda na yi wa Inna. Kayan da muke adanawa ba a barin su a saba ɗaya, don ranar da ta mutu an yi asara. Sai a haɗa guda uku su zama abu ɗaya, shi muke kira kulasta, kowace ɗaya a cikinsu kuma nod. Duk abin da aka ba ɗaya, sai ta raba wa 'yan uwanta. Muna da biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a wata makaranta cikin birni. Amma biyu ba sa isa, don in suka saɓa babu mai raba gardama. Inna ta ce, "Ashe murhu ne, sai da dutse uku." Na ce haka ne.

Sabar ɗakin Malam ita aka tsayar za ta zama ta ukun, tun yana da rai aka yi maganar, ya kuma yi murna. Sai dai nod ba ta shiga kulasta da kayanta. Dole a kwashe duk abin da ke cikinta a tura wa sauran biyun, a goge ta tas, a ɗora mata sabon tsari, sannan ta shiga. Karatun Malam na shekara shida, fayil dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu, duk sai sun bi ta iska zuwa Tukur-Tukur. Don haka sai an kafa eriya a kan soro.

Nan aka fara samun cikas. A unguwarmu namiji ba ya hawa rufi sai an aika gida-gida mata sun kimtsa. Ga Inna tana takaba a tsakar gida, da zanenta ruwan toka, ba kwalli ba ɗan kunne, kullum tana bakin rijiya kan tabarma da carbinta. Baffa ya ce ba baƙon namijin da zai leƙa masa matar wa daga sama, balle wanda ake magana a kansa.

Ranar Litinin da hantsi Rilwanu ya kawo kayan a Keke mai ƙafa uku, ya tsaya ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida da shaddarsa ruwan ƙasa duk ta sha ƙura. Ya kira ni a waya, alhali bango ɗaya ne tsakaninmu.

"Mu ɗaga aikin har Inna ta fita takaba."

"Wata uku? Ofis ba za su jira ba. Ni zan hau."

"Radiya, a cikin birni?"

"A cikin birni aka haife ni."

Na ɗaure hijabina a ƙugu, na sa wando ƙarƙashin zane, na jingina tsani. Ina hawa na ji wata tsohuwa a gidan baya tana salati. Ban waiwaya ba. Na kafa ƙarfen kusa da indararo, na ɗora farar eriyar, wayata a maƙale a kunne, Rilwanu yana nuna min saiti.

"Juya ta dama kaɗan. Kaɗan fa. Ya yi yawa, dawo. Tsaya nan. Ta kama. Yanzu ki ɗaure notin da ƙarfi."

Na ɗaure iya ƙarfina. Amma wanda ya yi wata guda yana tsakurar abinci, wane ƙarfi gare shi? Na sauko, na ja kebul ta tagar ɗakin Malam, na runtse ido na shiga. Na ba da umarnin kwafewa na fito da sauri kamar an biyo ni.

Fayilolin suna tafiya ne bi da bi, daga mafi tsufa zuwa na ƙarshe. Ranar Talata da la'asar hadari ya taso daga gabas, aka yi iska har ta kayar da tukunyar Inna, aka zuba ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke na ga eriyar ta karkace. Na sake hawa na daidaita ta. Na duba can ofis ta kwamfutata, na ga sunayen fayiloli sun cika, dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu. Na ce alhamdulillahi, ashe an gama kafin iskar.

Yanzu ga inda nake so ku saurare ni da kyau. A ɓangarenmu akwai ƙa'idar da Rilwanu ya kafa, kowa ya haddace ta: kafin ka goge na'ura, ka buɗe na farko, ka buɗe na tsakiya, ka buɗe na ƙarshe, ka saurara har ƙarshe da kunnenka. Suna ba shaida ba ne. Ni da kaina na sha koya wa sababbin ma'aikata.

Ranar Laraba da safe na zauna a ɗakin Malam. Ƙamshin turarensa na nan a jikin labule. Na sa abin ji a kunne, na buɗe na farko. Kun san me na fara ji? Gyaran muryarsa. Wannan "ehem" ɗin da yake yi kafin bisimilla, sai kuma ya ce, "Injiniya, ya fara ɗauka?" Na fizge abin daga kunnena. Na kifa kaina a kan tebur na yi kuka, ina toshe baki don kar Inna ta ji.

Na tsakiya ban buɗe ba. Na ƙarshe kuwa na kai hannu na janye. Na ce wannan ba zan ji shi a tsaye cikin aiki ba, ina share majina. Ranar Juma'a zan ji shi, a zaune, kamar yadda ya kamata.

Waya ta yi ƙara.

"Kin shirya?" in ji Rilwanu.

"Na shirya."

"Kin saurari ukun?"

"Na duba."

"Na ƙarshen, har ƙarshe?"

"Rilwanu, na ce maka na duba."

Da wani ma'aikacin ne, da sai ya ce ya faɗa masa tsawon mintocin. Na san shi. Amma ya ji muryata a dashe, ya san ɗakin da nake ciki, sai ya ji nauyina. Ya ce, "Allah Ya ba ki haƙuri. Bisimilla."

Allon ya tambaye ni ko na tabbata, ya gargaɗe ni cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Na amsa masa da e.

Sauran aikin ya tafi sumul, har abin ya ba ni haushi daga baya. Na ɗora sabon tsari. Na ba ta suna da adireshinta, Rilwanu yana karanto lambobin ina maimaitawa. Na soka kebul biyu, shuɗi na jigilar kaya, rawaya na gaisuwa, don nod-nod ɗin kowane daƙiƙa sai sun tambayi juna, kina nan? Ina nan. Wadda ta yi shiru, sauran su ɗauki nauyinta. Na saita agogonta ya yi daidai da nasu. Sannan na liƙa mabuɗin da ya turo min, na ba ta umarnin shiga.

Kafin azahar layi uku suka fito a allo, duka kore.

"Ta shiga," ya ce, ina jin murmushi a muryarsa. "Barka, injiniya."

Bai san cewa sunan da Malam ke kira na da shi ke nan ba. Na kashe wayar. Nan take sauran biyun suka fara zuba mata kayansu, littattafai dubbai, kwana biyu tana cika.

Ranar Juma'a na yi wanka na sa atamfar da Malam ya saya min da ƙaramar salla, shuɗiya mai ganye. Batul ta dama fura ta ajiye wa Baffa a kwanon sha. Da maza suka tafi masallaci na ce bari in ji ni kaɗai tukuna, kar in yi abin kunya a gaban mutane. Na yi bisimilla na buɗe fayil na ƙarshe.

Gyaran murya. Bisimilla. Salati. "To, jiya mun tsaya a inda mai littafi yake cewa..."

Shiru.

Na ɗauka abin kunnen ne. Na cire na mayar. Na kalli ƙasan allo, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Karatun da ya kamata ya haura awa biyu. Ashe yana cikin tafiya iskar ta juya eriya, sunan ya isa, cikin bai isa ba.

Na duba nod ta ofis, daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ta makaranta, haka. Ta gabana, wadda shekara shida tana riƙe da muryarsa, ita ma guntun suka ba ta, ta karɓa. Su ukun sun yi ittifaƙi, kore shar, ba mai gardama.

Na kira Rilwanu, yana fitowa daga masallaci ina jin hayaniya. Ya ce kar in taɓa komai. Ya shiga ta kwamfutarsa daga can, ya fi awa yana tono. Ina zaune ina kallon rubutu yana gudu a allo, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Daga ƙarshe ya kira.

"An rubuta wasu kayan a kai. Da ranar Laraba ne, da wataƙila." Ya ja numfashi. "Babu, Radiya."

Na ajiye wayar.

Bayan la'asar Baffa ya yi sallama, da farar babbar riga da hula zanna. Bai zauna a buzun Malam ba, ya zauna a gefensa. Na kunna masa a lasifika. Da muryar ta fito ya sunkuyar da kai. Da ta yanke ya jira, ya jira, sannan ya ɗago.

"Ina sauran?"

Zan iya cewa iska ce. Zan iya cewa na'ura ce, wa zai ƙaryata ni a gidan nan? Na durƙusa na ce, "Baffa, ni na goge. An ce in saurara kafin in goge, na kasa, na ce na saurara."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Allah bai nufa ba ke nan. Ni ban ce yaron ya yi ƙarya ba, amma mai nema ba ya zama shaidar kansa." Ya dafa gwiwa zai tashi.

"Alhaji."

Daga bayan labulen ƙofar da ke shiga cikin gida muryar ta fito. Inna ce. Ina ganin yatsun ƙafarta a ƙasan labule, fari fat ba lalle. Ku sani, Inna ba ta taɓa sa baki a maganata ba. Ko sakamakon jarrabawata aka kawo sai ta tashi ta shiga madafi. Maganar auren nan kwana arba'in ana yi a gabanta, ko tari ba ta yi ba.

"Ranar ina nan tsaye," ta ce a hankali. "Na kawo masa kunu, na ji da baƙo, na dakata. Na ji abin da ya ce."

Baffa ya koma ya zauna. "Me ya ce?"

"Ya ce ya yi bincike, ya yarda da addinin yaron da halinsa. Ya ce dangin uwa ba abin gori ba ne. Ya ce ya ba shi."

"Ya ba shi wa?"

"Yarinyar nan."

"Hajiya, ki gafarce ni. 'Ya'ya mata biyu Yaya ya bari, duka sun isa aure. Shaida ba ta karɓar yarinyar nan. Yadda ya faɗa za ki faɗa."

Na ga labulen yana motsi inda ta riƙe shi. Na so in ce Baffa ya bari, in ce na haƙura, a ba Sagirun, kar a tozarta ta saboda sakacina.

"Ya ce," muryarta ta karye, ta sake farawa. "Ya ce, na ba ka Radiya."

Ashe haka take faɗinsa. Da ɗan jan ƙarshen, kamar mai lallashi. Shekara ashirin da bakwai yana bakinta ban sani ba. Ban san lokacin da na ce "na'am" ba, kamar wata sokuwa, alhali ba kirana ta yi ba. Na ji takunta da sauri ta koma ciki, na ji ta rufe ƙofar ɗakinta.

Baffa ya daɗe yana kallon buzun. Ya share ido da bakin rigarsa, ya tashi, furar ko taɓa ta bai yi ba. A bakin ƙofa yana sa takalmi ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ki ce wa yaron ya same ni a rumfa gobe da hantsi." Bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Na zauna ni kaɗai a ƙasa, fitilu uku kore suna ƙiftawa a kaina. Na sake kunna daƙiƙa arba'in da ɗayan nan, na sake, na sake, kamar in na yi naci zai wuce inda ya tsaya. Sau ɗaya mahaifina ya kira sunana a duniya. Rilwanu ya ji, Inna ta ji, na'ura ta ji ta riƙe min kwana arba'in da wani abu tana jira. Ni ce ban zo ba.

Ana kiran magariba na ɗauki waya zan isar da saƙon Baffa, sai na tarar Rilwanu ya riga ni. Layi biyu ne kawai.

"Ba fayil ɗin ne ya fi yi min ciwo ba. Sau biyu na tambaye ki, Radiya, kika ce kin duba."

Na rubuta "Baffa yana nemanka gobe", na goge. Na rubuta "ka yafe min", na goge. A saman allo ina ganin yana nan, yana jira.